Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jiran Sakamakon PGDE

A makon jiya na tsaya ne a inda muka kammala jarrabawar zango na biyu a karatun PGDE, wato diflomar koyarwa da ake yi bayan digirin farko, na kuma miƙa kundin binciken da na rubuta kan koyar da ilimin sinadarai a makarantun da ba su da ɗakin gwaje-gwaje. Na ɗauka aiki ya ƙare ke nan, ashe da sauran rina a kaba.

Wanda bai san tsarin jami'a ba zai yi mamakin yadda ɗalibi zai rubuta jarrabawa har ya ci, amma ba shi da bakin cewa ya gama. Dole sakamako ya bi ta kwamitin sashe, ya wuce tsangayar ilimi, daga nan zuwa makarantar karatun gaba da digirin farko, kafin ya isa gaban majalisar ƙoli ta jami'a, wadda ɗalibai suke kira sanet, kuma muddin ba ta amince ba, makin da malami ya raɗa maka a kunne ba hujja ba ne. Namu yana kan wannan hanya aka shiga yajin aikin malaman jami'o'i ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba a kuma janye shi ba sai 14 ga Oktoba.

Abin da ya hana ni barci ba takardar ba ce ita kanta. Na daɗe ina koyarwa a sakandare a nan Sakkwato da digirin kimiyya, amma Hukumar Rijistar Malamai ta Ƙasa, TRCN, wadda aka kafa a 1993, ba ta yi wa mutum rijista sai yana da takardar shaidar malanta ta NCE, ko digirin ilimi, ko kuma irin wannan difloma da nake nema. Saboda haka abokin aikina da ya fito daga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ƙwararren malami ne a idon doka, ni kuwa mai riƙon alli ne kawai. A ganina dokar tana kan daidai, domin sai da na yi koyarwar gwaji, mai duba mu yana zaune a bayan aji yana bin tsarin darasina layi-layi, na ƙara tabbatar da cewa sanin darasi daban, iya isar da shi ga yaro daban.

Duk Juma'ar da na je gaishe da mahaifiyata a Mabera sai ta ce, "Shin karatun ga naka bai ƙare ba?" Ni kuma in ce, "Ya ƙare, Inna, sa hannun manya muke jira." Amsarta ba ta canzawa: "Allah shi sa mu ji alheri."

Hunturu ya kankama lokacin da shugaban ajinmu ya turo hoton jerin sunaye ta WhatsApp, amma hoton ya yi dishi-dishi har ban iya bambance lambata da ta wanda yake ƙasa da ni ba. Ban kira kowa ba. Na hau babur cikin hazo na nufi tsangaya, na kutsa cikin waɗanda suka yi cincirindo a gaban allon sanarwa, na bi jerin da yatsa har na iske lambata da sunana cikin waɗanda sanet ta amince da su. Daga nan masallaci na wuce na yi sujadar godiya, sannan na kira Inna.

Bayan na kammala zagayen sa hannu a ɗakin karatu da ofishin kuɗi, aka ba ni takardar sakamako ta wucin gadi, da ita kuma na nemi zama jarrabawar TRCN wadda ake yi a kwamfuta. Labarinta zai zo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.