Nonon roba bayan aikin kansar mama, abin da ba a cika faɗa mana ba

'Yan uwa mata, in likita ya ce sai an cire nono saboda kansar mama, bayan tsoron mutuwa abin da ke biyowa shi ne "toh ƙirjina fa ya zai koma?" Akwai gyara kam. Ana sa wata 'yar jaka ta silikon, wato wata irin roba mai laushi, cikinta ko dai silikon ne mai kauri ko ruwan gishiri, kuma abin ba sabo bane, tun 1962 aka fara sa ta a Amurka.

Amma fa ba shiga ɗaya ake yi tiyata a fito shikenan ba. Yawanci sai an fara sa wani abu kamar balan-balan a ƙarƙashin fata ko tsokar ƙirji, duk sati ɗaya ko biyu ki koma a tsira allura a ƙara masa ruwa, fatar na buɗewa a hankali har wasu watanni, sannan a sake wani aikin a cire shi a sa ta ainihin. Yayata duk ranar da aka ƙara mata ruwan nan ƙirjin ɗaurewa yake tamau, ko kwanciya ta gefe bata iyawa.

Abin da nake ganin ya kamata a faɗa wa mace tun farko shi ne, sura kawai ke dawowa. A cikin riga ba mai ganewa wlh, amma an yanke jijiyoyin wurin, sau da yawa ki taɓa baki ji komai ba, ya fi ɗayan sanyi, kuma babu maganar shayarwa da shi. Jiki kuma yana yi wa robar tabo ya zagaye ta, wani lokaci tabon ya ƙanƙance nonon yayi tauri da ciwo, musamman in an yi wa mace gashi, wato ƙona kansar da hasken na'ura, shi yasa wasu likitocin ke cewa a bari sai an gama gashin, ko a ɗebo fata da kitse daga cikinta a gina da su.

Kuma robar bata zama har abada. Ta silikon tana iya fashewa baki sani ba, don haka hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka ta ce a yi hoto bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan duk shekara 2 ko 3. A 2019 ma kamfanin Allergan ya janye wasu robobinsa masu kaushin baya daga kasuwa saboda wata kansa da ba kasafai ake samu ba. Don Allah in an sa miki, ki karɓi katin da ake bayarwa mai sunan kamfani da lambar robar ki adana.