Abin da Ke Kashe Injin Babur ɗin Ƙanƙara a Kan Dutse

A garuruwan duwatsu na yammacin Kanada da Amurka, irin su Revelstoke da Valemount a lardin British Columbia, ko Cooke City a jihar Montana, da zarar dusar ƙanƙara ta fara sauka a watan Nuwamba sai tsohuwar gardama ta taso a garejoji da wuraren shan mai, wato a cikin kamfanonin da ke ƙera babur ɗin ƙanƙara, abin hawan nan mai inji da ke tafiya a kan dusar ƙanƙara, wanne ne injinsa ya fi saurin bugawa. Masu Ski-Doo su zolayi masu Polaris, masu Polaris su rama, masu Arctic Cat su saka baki, kuma kowa yana da labarin wani wanda injinsa ya tsaya cak a tsakiyar hawa. Ni dai, bayan injinan da na gani a kwance a kan teburin gyara, gardamar ba ta burge ni sosai, domin fistan da ya narke kamanninsa ɗaya ne ko wane suna aka rubuta a jikin babur ɗin, kuma dalilan da suka narkar da shi ba su cika bambanta ba.

Ya kamata a fara da fahimtar irin aikin da ake ɗora wa wannan inji. Babur ɗin hawan dutse na zamani nauyinsa bai wuce kusan kilo 200 ba kafin a zuba masa mai, yana jan doguwar robar tafiya mai haƙora wadda tsawonta kan kai inci 154 zuwa 175, kuma injinsa mai silinda biyu ne kacal. Injin Rotax 850 E-TEC da ake ƙerawa a Gunskirchen ta ƙasar Ostiriya, wanda Ski-Doo ta fito da shi a samfurin 2017, girmansa cc 849 ne amma yana ba da ƙarfin doki 165, yana juyi kusan 8,000 a minti ɗaya. Polaris ta biyo baya da 850 Patriot a samfurin 2019. Dalilin da ya sa har yau inji mai bugu biyu irin waɗannan, wato wanda ke kunna wuta a duk hawa ɗaya da sauka ɗaya na fistan, yake mulki a kan dutse shi ne rashin nauyi, domin a cikin dusar da ta kai ƙugu kowane kilo ɗaya a gaban babur yana nutsar da hancinsa. Mahaya su ne suke neman a rage nauyi a ƙara ƙarfi kowace shekara, kamfanoni kuma suna biya musu buƙata, sai dai abin da ake ragewa a hanya shi ne ratar da ke tsakanin aiki lafiya da lalacewa. Wanda ya san ƙaramin janareton nan da ake gauraya wa baƙin mai a cikin fetur ya riga ya san asalin tsarin: babu tafkin baƙin mai a ƙasan inji, ɗan siririn man da ke shiga ne kawai ke raba ƙarfe da ƙarfe, sannan ya ƙone ya fita ta salansa. Bambancin shi ne na kan dutse yana ɗauke da kwamfuta da famfon mai na lantarki, kuma ana murɗa masa totur har ƙarshe na tsawon lokaci a inda babu hanya.

Lalacewar da na fi ganin ta da takaici ita ce wadda sanyi ke jawowa, domin ba ta buƙatar kuɗi a kauce mata, haƙuri kawai take buƙata. Fistan na alminiyam ne, kuma shi ne ke fuskantar wuta kai tsaye, saboda haka yana kumbura da sauri. Silinda kuwa ruwan sanyaya inji ya kewaye ta, don haka tana ɗaukar zafi a hankali. Idan mutum ya tayar da inji a safiyar da sanyi ya kai digiri 20 ƙasa da sifiri, ya murɗa totur nan take, fistan zai cika ramin kafin silinda ta buɗe masa, man da ke tsakaninsu ya matse ya fita, sai alminiyam ya goge a jikin bango. Idan aka kwance irin wannan inji akan tarar da zane a kusurwa huɗu na fistan, kuma bakanike ba ya buƙatar a ba shi labari.

Yawancin mahaya sun san da ɗumama inji da safe, amma akwai wani lokaci na biyu da ya fi wannan haɗari, wanda da yawa ba su lura da shi ba. Waɗannan babura ba su dogara da lagireto irin na mota ba. Ruwan sanyaya inji yana bi ne ta cikin wasu faifan alminiyam da ke ƙarƙashin kujera, inda robar tafiya ke watsa musu dusar ƙanƙara. Idan aka hau tudu da ƙarfi, aka kashe inji a sama don a huta ko a ci abinci, zafi yakan taru a cikin inji, alhali ruwan da ke cikin faifan nan yana kwance a jikin ƙanƙara yana yin sanyi ƙarara. Mahayi ya tayar, ya duba allo ya ga zafi ya yi daidai, ya ɗauka komai lafiya, ya danna wuta. A daidai wannan lokaci ne famfo ke turo ruwan sanyin nan cikin silinda mai zafi, silinda ta tsuke, fistan kuma yana ƙara kumbura. Abin da ya dace shi ne a bar inji ya yi ɗan aiki a tsaye, a ga lambar zafi ta faɗi sannan ta sake hawa ta daidaita, kafin a nemi ƙarfi a wurinsa. Minti ɗaya ko biyu ne, amma idan abokan tafiya sun riga sun yi gaba, kaɗan ne suke iya jira.

Akasin wannan kuma shi ne zafi ya yi yawa, kuma abin mamaki ba a cikin dusa mai zurfi yake faruwa ba, a kan hanyar zuwa ne. Kafin a kai filin hawa sai an bi doguwar hanya da aka daddanne ta yi tauri, wani lokaci ta zama ƙanƙara zalla, babu abin da roba za ta watsa wa faifan sanyaya. Babur ɗin dutse kuma an rage masa girman faifan don a rage nauyi. Shi ya sa ake ɗaura wasu ƙarafa masu lanƙwasa a gefe, waɗanda ke kartar ƙasa su tayar da ƙurar ƙanƙara. Mantawa da sauke su ƙaramin abu ne a ido, amma fitilar gargaɗi da ta kunnu a wannan hanya alama ce cewa fistan da zobensa sun riga sun sha wahalar da za ta bayyana daga baya.

Sai batun fetur da iska, wanda shi ne zuciyar al'amarin. A inji mai bugu biyu fetur ba ƙonewa kawai yake yi ba, yana taimakawa wajen sanyaya kan fistan. Idan iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, zafin wuta yakan hau, kuma alminiyam yana narkewa ne a kusan digiri 660, yana fara laushi tun kafin nan. Bakin fistan ta ɓangaren salansa ne ke fara zaizayewa, zobe ya maƙale, wani lokaci rami ya ɓulle a tsakiya. A zamanin kafireto wannan ya zama ruwan dare, domin mutum zai daidaita injinsa don tsayin mita 2,500 inda iska ba ta da kauri, sannan ya sauko kwari a safiya mai tsananin sanyi inda iska ta fi kauri, inji ya yi ta ba da ƙarfi mai daɗi har zuwa lokacin da zai mutu. Injekta da kwamfuta sun magance yawancin wannan, amma kwamfuta ba ta ganin iskar da ta shigo ta ɓarauniyar hanya. Robar da ke haɗa bututun iska da inji idan ta tsage, ko oyilsil na karanshaf idan ya saki, ko matatar mai idan ta toshe, duk suna kai wa ga sakamako ɗaya. Saboda haka duk wanda ya sauya fistan da ya narke ba tare da ya toshe ƙofofin inji ya gwada shi da matsin iska ya gano inda yake yoyo ba, ya sayi sabon fistan ne domin ya sake narkar da shi.

Ingancin fetur ma yana da tarkonsa a yankin duwatsu. Inji yakan yi asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk ƙarin tsayi na mita 300, don haka a wuri kamar mashigar Togwotee a jihar Wyoming, mai tsayin kusan mita 2,900, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin ya tafi. Wannan ƙarancin iska shi ya sa gidajen mai a Colorado da Wyoming da Utah suke sayar da fetur mai lambar oktan 85 (oktan shi ne ma'aunin yadda fetur ke jure matsi ba tare da ya fashe da kansa ba), wanda ya ishi tsohuwar mota a can sama. Waɗannan injina kuwa an tsara su ne don 91. Lamarin ya ƙara tsanani tun da Ski-Doo ta fito da Summit 850 mai turbo daga masana'anta a farkon 2020, wanda ke riƙe ƙarfinsa na doki 165 har zuwa tsayin ƙafa 8,000, wato kusan mita 2,400, Polaris kuma ta kawo Patriot Boost a samfurin 2022. Turbo yana mayar wa inji iskar da dutse ya ƙwace, tare da matsin da ke buƙatar fetur mai kyau. Idan oktan ya gaza, cakuɗen mai da iska yakan fashe da kansa maimakon ya ƙone a tsare, ya riƙa dukan kan fistan da boris. Akwai na'urar da ke jin wannan duka ta sa kwamfuta ta rage wuta, amma ba ta ji sai dukan ya riga ya fara. Fetur da ya kwana watanni a tanki, musamman mai gaurayen itanol wanda ke jan danshi, ya fi muni. A watan Agusta na 2022 Polaris ta nemi masu babura kusan 230,000 a duniya su dakatar da hawa saboda haɗarin gobara daga tartsatsin lantarki a cikin tanki, kuma lalataccen fetur da ya daɗe a ajiye yana cikin abin da kamfanin ya ambata.

Dusar da inji ke shaƙa ta ƙofar iska tana narkewa ta wanke man da ke jikin fistan, don haka ragar da ke tace ta idan ta yage sai a sauya ta. Babur da ya kife kuma a kashe shi nan take, a duba bututun baƙin mai ko iska ta shiga.

Abin da ba a cika dangantawa da inji ba shi ne kuloci da bel, waɗanda ke kai ƙarfin inji ga robar tafiya. Kuloci na farko yana zaune ne kai tsaye a kan bakin karanshaf, yana juyawa da gudunsa. Idan ya ci, ko ya rasa daidaito, girgizarsa a kan boris ɗin wannan gefe take sauka. Idan bel ya tsinke ana tsakiyar hawa da cikakken totur, nauyi yakan ɓace wa inji farat ɗaya, juyinsa ya zarce iyaka, igiyoyin bel su nannaɗe a bayan kuloci su iya cinye oyilsil. Wanda bel ya fashe masa da ƙarfi, ya kamata ya sa a auna karanshaf a ga ko ya karkace, kada ya tsaya ga saka sabon bel ya ci gaba.

Injina da yawa kuma a lokacin zafi suke mutuwa, sai dai ba a sani ba sai hunturu ya dawo. Babur yakan yi wata shida ko fiye a ajiye, kuma ƙananan allurai na boris ɗin karanshaf, idan man da ke jikinsu ya tsiyaye, danshi yakan bar musu ɗigon tsatsa. Ɗigon da ido ba ya gani ya isa ya fara cin boris a juyi 8,000. Maganinsa shi ne a cika cikin inji da man ajiya kafin a rufe shi, kuma injinan E-TEC suna da tsarin da ke yin hakan da kansu idan aka umarce su. Al'adar tayar da inji na 'yan mintoci duk wata ba ta da amfani a ganina, domin ba ya yin zafin da zai kori danshi, ƙara masa wani yake yi.

Inda na fi saɓawa da mahaya da yawa shi ne batun sauya fistan tun bai lalace ba. Suna kallon lambar kilomita su ce babur sabo ne, alhali kilomita ɗaya a cikin dusa mai zurfi, inda roba ke juyawa babur yana rarrafe, ba daidai yake da kilomita ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya ba. Awannin aikin inji sun fi faɗin gaskiya. Gwajin matsi yana nuna lafiyar zobe, amma ba ya nuna gindin fistan da ya fara sakin jiki yana kaɗawa a cikin silinda, sai an leƙa ta ƙofar salansa da ƙaramar kyamara, ko an kwance an auna rata. Fistan biyu da gasket kuɗinsu kaɗan ne idan aka kwatanta da abin da ke biyo baya idan gindin ya karye: gutsattsarinsa su faɗa ƙasa, su kankare Nikasil, wato siririn rufi mai tauri da ke jikin bangon silinda, su lalata karanshaf, wani lokaci su huda gangar injin. A daidai lokacin wannan aiki ne ake wanke bawul ɗin salansa, wanda Rotax ke kira RAVE, domin baƙin hayaƙi yakan daskarar da shi. Wanda kuma ya sauya salansa, ko ya ɗaura turbo na kasuwa, ko ya taɓa lissafin kwamfuta, ya cinye sauran ratar da injiniyoyi suka bari, sau da yawa tare da garantinsa, don haka lokacin sauya fistan nasa ya matso kusa.

Duk wannan yana da nauyi ne saboda wurin da lalacewar ke faruwa. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Revelstoke wajen ƙarfe huɗu, wayar hannu ba ta kamawa a yawancin kwaruruwa, kuma fitar da mataccen babur daga rami yana nufin mutane su daɗe a ƙarƙashin gangaren da dusa ke iya zaftarewa. Idan jan ya yiwu, sai an cire bel tukuna don roba ta juya ba tare da inji ba, a ɗaure igiya a ƙafafun gaba, wani ya zauna a kai yana riƙe da birki. Idan bai yiwu ba, sai a bar shi a can a ɗauko hayar jirgi mai saukar ungulu, kuma ana biyan wannan ne da awa.