Burinmu na bana da jirgin ruwa

Tunda muka samu ƙaruwa komai ya canza wallahi, ko bacci sai an yi dabara. Farkon shekara ni da maigida muka zauna muka rubuta abubuwan da muke so: kar mu tsallake rigakafi ko ɗaya, adashe duk wata, sai babban, mu hau jirgin ruwan shaƙatawa da ƴar tamu.

Hajiya tace haba ku kuwa, jinjira a kan teku? Na gane tsoronta, mu ƴan Kaduna iyakarmu kogi sai jirgin ƙasan Rigasa. Amma na bincika, yawancin kamfanonin irin su Royal Caribbean sai jariri ya cika wata 6 suke karɓa, in doguwar tafiya ce ta ƙetare Atlantika kuma sai wata 12, sannan mai pampas ba ya shiga babban kwamin wanka. To mu dai mun yanke sai ta karɓi allurar ƙyanda da ta shawara ta wata 9 tukunna, hankalina zai fi kwanciya. Fasfo ɗinta ne yanzu a gabanmu, ita ma dole sai da nata, insha Allah wata mai zuwa za mu fara.