Asabar, a dajin Black River Gorges

Yanzu na shigo ɗaki, takalma duk jar laka, ƙafafu na zogi. Tun da sassafe muka tashi daga garin Curepipe, nan ƙasar Morishus, zuwa Pétrin, ɗaya daga cikin ƙofofin gandun dajin, ni da wani ɗan ajinmu Bakano. Tsiryar Morishus na je gani, wadda in ba a tsibiran ƙasar nan ba babu inda za ka same ta a duniya.

Sai wajen ƙarfe goma muka dace. Kukanta muka fara ji, sannan ta sauko kan reshe, koriya shar, baki baƙi ƙirin. Tamata ce ke nan, don namijin saman bakinsa ja ne. Mutumina ya kalle ta sheƙeƙe ya ce, "Malam, a kan wannan ka hana ni barci? Ai ita ce mai yi mana ɓarnar dawa a gida." Ba ita ba ce. Wannan ta fi kauri, jelarta kuma ba ta kai ta waccan tsawo ba. Amma irin tamu ma tana nan, daga Indiya aka kawo ta, kuma tana cikin masu ƙwace wa 'yar gida kogon bishiyar da za ta yi ƙwai.

A shekarun 1980 tsiryoyin Morishus da suka rage ba su kai 20 ba. An sare daji an shuka rake, ga ɓeraye da birai da jiragen ruwa suka shigo da su suna wawushe ƙwai da 'yan tsaki. Wani masanin tsuntsaye, Carl Jones, da ma'aikatan ƙungiyar kare namun daji ta Mauritian Wildlife Foundation ne suka tsaya kai da fata, har da ɗauko tsakon da ya rame a raine shi da hannu a sake shi. Ana cikin murna kuma, wajen 2005, cuta mai zubar da gashi da lalata baki ta ɓulla. Duk da haka a 2007 aka cire ta daga sahun masu dab da ƙarewa, zuwa 2019 sun haura 750.

Ni dai ba lissafin ne ya tsaya mini a rai ba. Wata bishiya muka gani an naɗe gindinta da roba mai santsi don ɓera ya kasa hawa, can sama ga akwatin sheƙa a ɗaure. Kusa da wurin akwai mazubin abinci mai murfi, tsiryar da kanta take ɗagawa da baki ta ci. Wani ne zai hau igiya ya duba akwatin nan, wani ya wanke mazubin saboda cutar, ko ana ruwa ko ana iska. A ganina, tsuntsun da ake cika wa kwano bai gama tsira ba tukuna, sai ran da daji ya iya ciyar da shi.

Na ji ƙungiyar tana ɗaukar 'yan sa-kai. Raina ya biya, wallahi, sai dai ni ko tsani na hau jiri nake ji. In akwai gurbin mai wanke mazubi, zan tambaya bayan jarrabawa.