Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Kwano da Sikeli

Masu tambayar shekarun karatuna a waje su yi haƙuri, ba su ke cina ba. Abin da ke cina har yau shi ne yadda wasu malamai 'yan'uwanmu suka riƙa kiran bincikenmu na farashin hatsi "aikin 'yan awo", don kawai mun ƙi karɓar alƙaluman da aka cike a ofis.

Farashi ba a tambayarsa, saye ake yi. Kuɗin da mai awo ya fara faɗa ba shi ake rubutawa ba. Sai an taya, ya ce albarka, an ƙara, ya sallama. Daga nan a juye abin da aka auna a ɗora a sikeli. A Kano tiya 40 ake lissafa wa buhun kilo 100, wato kilo biyu da rabi kowace tiya. Amma wani kwanon an bubbuge gindinsa, wani an rage masa baki. Wani mai awon ya cika da tsororuwa har ya tare da hannu, wani ya shafe, ga kuma gyara, wadda ba kowa ake yi wa ba. Sau da yawa kwanon da ake saye da shi a hannun manomi ya fi wanda ake sayar wa mai ci a birni girma. Wanda ya rubuta kuɗi bai auna ba, sai ya ce babu riba tsakanin kasuwannin biyu, alhali ribar tana cikin kwano. A rubuta sabo ne ko tsoho, don sabon hatsi da danshinsa yake zuwa, kuma zai rame a ajiya. A rubuta lokaci, don farashin hantsi daban da na la'asar, sa'ad da mutumin ƙauye ke neman kuɗin mota ya koma gida. Kasuwa a kai miki dole, in ji Baffa, Allah Ya jiƙansa.

Wannan dolen ita ce Polly Hill ta gani a Batagarawa, kusa da Katsina, a 1967. Baturiyar Ingila ce mai bincike, mahaifiyarta ƙanwar Keynes, shahararren masanin tattalin arziki, wanda masu raina mu ke rantsuwa da shi. Ta bi gida gida, ta nuna cewa manoman gari ɗaya ba ɗaya suke ba: talaka yana sayar da hatsinsa da kaka lokacin araha, saboda haraji da bashi, ya dawo ya saya da tsada da damina, yana ƙwadago a gonar wanda ya iya ajiyewa. Ta kuma nuna cewa ciniki mai yawa a cikin gidaje ake yinsa, a hannun matan kulle, yara na kai da kawowa. Mai ɗaukar farashi a bakin kasuwa kaɗai bai taɓa ganin kasuwar su Inna ba. Wannan ma aikin 'yan awo ne?

Maganar Baffa ta sake faɗo mini a farkon 2023, da aka canza takardun naira tsabar kuɗi ta yi wuya. Buhu ɗaya, farashi biyu: mai kuɗi a hannu ya saya da sauƙi, mai turawa ta waya ya biya sama, manomin da ba shi da asusu kuwa ya karyar don dole. Takardar ofis gurbi ɗaya ta tanadar wa farashi.

Sai halin mai saye, wanda na fi daɗewa a kansa. Mutum yana riƙe kuɗin abu a ka, amma ba ya riƙe girmansa. Mai ƙosai ta san haka, shi ya sa idan wake da mai suka tashi ba ta fara ƙara kuɗi, ludayin take ragewa. Haka ƙullin gishiri, haka kashin tumatir. Kuma mai sayen gero gwangwani gwangwani, in aka tara aka ɗora a sikeli, ya fi mai sayen buhu biya a kan kowane kilo. Tsadar da ta fi cin talaka ke nan, kuma sai an sayi ƙosan mako bayan mako an auna shi kafin ta fito a lissafi.