Rijiyar da muka haƙa a ƙofar gidan mai unguwa

Shekara huɗu na yi ina aiki da wata ƙungiyar raya unguwanni a Kaduna, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata rijiyar burtsatse da muka haƙa a wata unguwa ta bayan Kakuri. Har gobe tana ba da ruwa, amma a wurina babu kuskuren da na tafka a aikin nan da ya kai ta.

Baƙo zai ɗauka kogin Kaduna ruwa ne kawai. Mu da muka ga rikicin 2000 da na 2002 mun san iyaka ce. Musulmi suka kwashe kaya suka koma Rigasa da Tudun Wada da Kawo, Kirista suka nufi Sabon Tasha da Television da Unguwar Romi. 'Yan unguwannin da suka rage a cakuɗe, da yawansu na gefen masaƙu ne. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ma ta bi sahu a 2007. A da, idan aka tashi daga aiki, Bahaushe da Bajju da Bayarabe da Tibi ƙofa ɗaya suke fitowa, ƙungiyar ƙwadago ɗaya suke yi wa karo-karo. Da injuna suka yi shiru, abin da ya haɗa su ya tafi, talauci ya samu wurin zama.

Don haka muka shiga unguwar da taka-tsantsan. Muka gaida mai unguwa, muka ga liman, muka ga fasto. Aka kafa kwamiti na mutum goma, biyar Musulmi biyar Kirista, ni da kaina na jera kujerun don hoto ya fito daidai. Na koma ofis ina jin na yi adalci. Ban lura ba cewa su goman nan duk maza ne, duk masu gidaje ne, kuma duk a kan tudu suke zaune. Suka ce rijiya suke so, mafi dacewar wuri kuwa ƙofar gidan mai unguwa. Muka ce to.

Bayan wata uku na koma duba aiki. Famfo na zuba, makulli na hannun ɗan mai unguwa, 'yan garuwa sun jera kura suna ɗiba suna gangarawa da shi bakin rafi su sayar. Can ƙasan ne 'yan haya suke: matan Gbagyi masu sayar da doya, zawarawan tsofaffin ma'aikatan masaƙa, 'yan cirani masu facin taya. Ruwan da muka rubuta a rahoto cewa kyauta ne ga kowa, su da kuɗinsu suke sha.

Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai ta ga ina rubuce-rubuce ta kira ni.

"Ɗana, ku ne masu rijiya?"

"Mu ne, Mama."

"Allah ya saka. Amma da kun tambaye mu, da kwalbati za mu ce. Damina in ta sauka, yaranmu ba sa iya tsallakawa makaranta, mai naƙuda kuwa sai a goye."

Na ce ai mun yi taro. Ta juya ƙosanta tukuna, sannan ta ce, "Wa ke kiran ɗan haya taro?"

A bakinta na ji cewa matan gangaren suna da adashe tun masaƙa na aiki, kuma ko a shekarun da kowa ke kwana da ido ɗaya bai watse ba. Uwar adashen Kirista ce, mai riƙe littafi Musulma ce, ba don wani ya tsara musu haka ba, sai don wannan an san amanarta, waccan kuma ta iya lissafi. Muna can muna ƙirga kujeru, su sun daɗe da gano wa za a ba ajiya.

Da kuɗin zagaye na biyu suka zo, sai da na sha fama a ofis kafin aka yarda a bi ta hannunsu. Masu ba da tallafi sun fi son abin da za a liƙa wa allo a ɗauki hoto, kwalbati kuwa ba ya kyau a hoto. Mai unguwa ma bai ji daɗi ba. Na je na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kai ne uba, kai za ka aza harsashi." Ya aza, ya kuma ba da tipa ɗaya ta yashi daga aljihunsa, abin da ban taɓa zato ba.

Aikin ya yi nawa ƙwarai. Abin da ɗan kwangila zai gama a sati uku ya ci wata biyar, rahotona ya makara har aka ja mini kunne. Matan suka ƙi a kawo magina daga waje, suka ce a cikin 'ya'yansu akwai birkiloli da ke zaman kashe wando. An yi rigima sosai kan wa za a ɗauka, har wata ta yi fushi ta fice daga adashen. Kowace Asabar mai littafi takan rubuta kuɗin siminti da rodi da lada da alli a bangon wani shago, duk mai wucewa ya karanta. Sau ɗaya aka samu giɓin buhu biyu, kafin la'asar an gano inda suka kwana.

Maganar makullin rijiya kuwa ban iya warware ta ba har na bar aikin. Bara da damina na bi ta unguwar a kan babur, ruwa na gudu ta ƙarƙashin kwalbatin, yara da kayan makaranta suna wucewa ta sama. Daga tudu kuma ga 'yan garuwa nan suna gangarowa da jarkoki, suna taka kura da ƙafa kada ta ƙwace musu.