Na Ga Zanen da Ake Yi wa Hoton Ƙashi a Holan

Shekaranjiya na dawo, har yanzu idona na kan zanen nan. Ba zan ɓata lokaci kan jirgi ba, sai dai jami'in shige da fice da ya juya fasfona kamar mai zaɓen tumatir, ya tambaye ni sau uku me ya kawo ni. Da na ce zane na zo gani, ko ɗago kai bai yi ba.

Kuɗin shiga gidan tarihi na Rijksmuseum a Amstadam ya haura Yuro 20. Na yi tsaki a raina, amma da na isa ƙarshen babban zauren sai na manta. Ga zanen da Rembrandt, shahararren mai zane ɗan Holan, ya yi a 1642, wanda ake kira Masu Gadin Dare, faɗinsa ya kai mita huɗu da rabi, an kewaye shi da ɗakin gilashi. Masana na aiki a ciki, mu muna kallo. Tun 2019 suke wannan aiki na bincike da gyaran zanen a bainar jama'a.

Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta ga na saki baki, ta matso. Ita ta yi mini bayani, ba ko sisi. Na'urar hoton ƙashi ce ke bi a hankali gaban zanen, ba ta taɓa shi, tana karanta sinadarin kowane fenti. Da haka suka gano zanen farko da mai shi ya yi da alli a ƙarƙashi, abin da ido bai gani ba shekaru ɗaruruwa. Sun kuma ɗauki hotuna 8,439 suka haɗa su wuri ɗaya, har tsagar da ta fi gashi siranta ana ganinta a kwamfuta.

"Ɗana," in ji ta, "a 1715 yanke gefunansa aka yi don ya shiga bango." Jikina ya yi sanyi. A 2021 ne aka koya wa kwamfuta hannun Rembrandt, aka dawo da siffar abin da aka yanke daga wani tsohon kwafi. An soke zanen na asali da wuƙa a 1975, an watsa masa asid a 1990, ga shi nan daram.

Nan fa na tuna rubuce-rubucen kakanninmu da ke cikin adaka, gara na ci, mu kuma in mun tashi gyara sai mu liƙa salatif. Su sai sun shekara suna dubawa kafin su ɗora hannu. Wannan haƙurin ya fi na'urorin ba ni kishi.

Daga nan na shiga jirgin ƙasa zuwa Gent a Beljiyam. A can akwai zanen 'yan'uwa Van Eyck na 1432 mai hoton ɗan rago a ciki. An gano wani ya shafe shi da sabon fenti, aka cire, fuskar ɗan ragon ta asali ta fito. Ruwa ya yi mini duka, na koma masauki.